Babi na Biyar: Sa'ar Farko Bayan Buɗe Ƙofa

Wai shin babu yadda za a yi mutum ya hau lilon nan ba tare da ya ƙarar da yininsa a layi ba? Kusan duk wanda ya taɓa kai iyalinsa ɗaya daga cikin manyan wuraren shaƙatawa na duniya ya dawo da wannan tambaya a bakinsa. Ga kuɗin jirgi, ga na otal, ga tikitin shiga da ya haura dala 100 a kan kowane mutum a rana guda, sannan a ce lilon da bai wuce minti uku ba sai an yi masa tsayuwar awa ɗaya da rabi, yara na kuka, rana na dukan ka.

Akwai yadda za a yi, kuma mafi yawan dabarar a safiya take. Zan yi bayanin da Magic Kingdom, filin Disney da aka buɗe a kusa da Orlando ta jihar Florida a Amurka ranar 1 ga Oktoba, 1971. Na zaɓe shi ne saboda babu filin wasanni a duniya da ya kai shi karɓar baƙi. A 2023 sama da mutum miliyan 17 suka shiga, wato kusan dubu 48 ke nan a kowace rana idan aka raba. Wanda ya iya da wannan cunkoso ba zai sha wahala a filayen Paris ko na Dubai ba.

Me ke sa layi tsawo?

Ka ɗauki injin niƙa na unguwa a jajibirin salla. Injin ba ya ƙara gudu don mutane sun yi yawa. Yarinyar da ta kai niƙanta da sassafe ta tarar da kwano biyu a gabanta, nan da nan ta juya gida. Wadda ta zo da hantsi ta tarar da kwano talatin a jere, sai ta nemi inuwa ta zauna. Lilo ma haka yake: akwai adadin mutanen da yake iya ɗauka a awa guda, kuma ba ya wuce wannan adadi ko da duniya ce ta taru a bakinsa.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce wani lilo yana ɗaukar mutum 1,200 a awa, wato mutum 20 a kowane minti. Idan mutum 100 ne a gabanka, minti biyar za ka yi. Idan 1,200 ne, awa guda cur. Yanzu a ce da aka buɗe ƙofa mutum 40 ne suke shiga layin a kowane minti, alhali 20 kawai lilon yake kwashewa. Kowane minti layin yana ƙaruwa da mutum 20. Ma'ana, duk minti ɗaya da ka makara, ka sayo wa kanka ƙarin minti ɗaya na tsayuwa. Wanda ya tsaya shan shayi na rabin awa, zai biya wani rabin awar a tsaye. Masana lissafi sun daɗe da sanin wannan alaƙa tsakanin yawan masu jira, da saurin sallamarsu, da tsawon jiran. Wani malamin jami'a ɗan Amurka mai suna John Little ya tabbatar da ita a rubuce a 1961, har ake kiranta da sunansa.

Abin da ya sa safiya ta fita daban shi ne, lokacin buɗe ƙofa ne kaɗai kowane layi yake farawa daga sifili. Daga nan sai hauhawa har tsakar rana, kuma yawanci ba ya sauka sosai sai dare ya yi.

Lilo suna suka tara

Kuskuren da baƙo yake yi shi ne ya ɗauka lilon da ya fi girma shi ne ya fi cin lokaci. Abin dubawa biyu ne: yawan masu sonsa, da yawan mutanen da yake haɗiyewa a awa.

Akwai lilon da ba ya tsayawa. A Haunted Mansion kujerun a jere suke kamar sarƙa, suna tafiya a hankali ba fashi, kai ne za ka taka wani dandamali mai motsi ka shiga taka. PeopleMover ma haka. Pirates of the Caribbean da "it's a small world" kuwa manyan kwale-kwale ne, kowanne yana kwasar mutane da yawa a tashi ɗaya, wani na bin wani. Irin waɗannan, ko ka ga layinsu ya fito waje, tafiya yake yi.

Sai kuma masu ƙaramin ciki. Peter Pan's Flight yana nan tun shekarar da aka buɗe filin, ba shi da gudu, ba shi da ban tsoro, amma 'yan jiragensa mutum biyu ko uku suke ɗauka, kuma kowane yaro yana so. Shi ya sa yake cikin masu dogon layi kusan kullum. Dumbo giwaye 16 ne suke zagaye, sai sun tsaya cak an sauke mutane, an ɗora wasu, an duba ɗamarar kowa, kafin a sake tashi. Matsalar ta kai har a 2012 Disney ta mayar da shi guda biyu, ta gina wurin wasa mai sanyi inda yara za su jira. Seven Dwarfs Mine Train da aka buɗe a 2014 ya haɗa abu biyu: manya suna sonsa, yaro mai tsayin santimita 97 ma an yarda ya hau, saboda haka iyali gaba ɗaya suke shiga layinsa.

To ga ƙa'idar da sauran babin nan ya ginu a kanta. Sa'ar farko ta masu ƙaramin ciki ce da masu farin jini. Masu babban ciki a bar su sai hantsi. Wasannin da ake zama a kalla a cikin ɗaki mai sanyi, irin su Mickey's PhilharMagic da Carousel of Progress, a ajiye su sai rana ta take, domin ɗaruruwan mutane suke ɗauka a lokaci guda. Duk wanda ya shiga ɗayansu da ƙarfe tara na safe ya yi asarar lokaci mafi tsada a yininsa.

Aikin daren jiya

Safiya mai kyau tun dare ake haɗa ta. Ka sauke manhajar My Disney Experience a wayarka, ka haɗa tikitin kowa da kowa a ciki, ka duba lokacin buɗewa na goben, domin ba kullum yake zama ɗaya ba. Ka cika waya da caji, ka saka abin cajin tafi-da-gidanka a jaka, domin manhajar tana shan batir. Ruwan sha, da burodi ko biskit, da hular rana, duk su kwana a jaka. Disney ta yarda a shiga da abinci daga waje, saboda haka babu dalilin tsayawa layin karin kumallo a cikin filin.

Ka auna tsayin yaranka. Wannan ƙaramin abu ne da yake hana babban ɓacin rai. Space Mountain sai mai santimita 112, TRON Lightcycle / Run da aka buɗe a 2023 sai mai 122. Ma'aikatan ba sa sassautawa ko da yatsa ɗaya ne ya rage, kuma gaskiyarsu, don tsaron yaron ne. Gara ya sani tun a otal da a mayar da shi a bakin ƙofa bayan ya gama ɗoki.

Sannan ku zauna ku yanke shawara: wanne ne na farko, wanne na biyu, wanne na uku. Uku sun isa. A rubuta su. Iyalin da suka tsaya a gaban fadar Cinderella suna buɗe taswira suna gardamar ina za a nufa, ɗaruruwan mutane ne suke wuce su a kowane minti. A kuma tanadi na huɗu ko da ɗaya zai ƙi tashi, domin ba abin mamaki ba ne a buɗe fili a tarar da wani lilo bai fara aiki ba saboda matsalar na'ura. Idan ka tarar da haka kada ka tsaya jiran gyara, wuce na gaba.

Masu son zurfafawa suna iya neman tsarin zagaye da wasu suka ƙware a kai. Len Testa, wanda ya karanci kimiyyar kwamfuta, ya mayar da wannan matsala sana'a: kamfaninsa TouringPlans yana tattara bayanan layi yana lissafa wa mutum jerin da zai bi. Yana da amfani, amma wanda ya gane ƙa'idar da ke sama ya riga ya samu mafi yawan ribar.

Tsakanin otal da ƙofa

A nan mutane da yawa suke faɗuwa. Idan an ce ana buɗewa ƙarfe tara, sai su bar otal takwas da rabi. Magic Kingdom kuwa ba a ajiye mota a bakinsa. Wanda ya zo da mota ko tasi, a wata tasha zai sauka a ƙetaren tafkin Seven Seas Lagoon. A nan za a bincike shi, sannan ya hau jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo ɗaya, ko kuma jirgin ruwa, ya tsallaka. Kowanne yana da nasa layin. Idan ka ga cincirindo a matakalar jirgin ƙasa, ka leƙa jirgin ruwa, domin yana kwasar ɗaruruwa a sawu ɗaya. Motocin bas na otal-otal ɗin Disney su kam har kusa da ƙofa suke kai mutum, kuma wanda ya sauka a otal ɗin Contemporary da ƙafa ma zai iya zuwa.

Shawarata ita ce ka kasance a bakin ƙofar shiga minti 45 zuwa awa guda kafin lokacin da za a bar ka ka hau lilo, ka ƙara a kan haka idan lokacin hutu ne, kamar makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara ko hutun Ista. A wurin bincike, ka fito da lema da gidan tabarau da duk wani abu mai ƙarfe ka riƙe a gabanka, don kada na'ura ta sa a ware ka gefe a zazzage jakarka.

Wanda ya taso daga Kano ko Yamai yana da wata garaɓasa da bai kamata ya yi wasa da ita ba. Agogonmu yana gaban na Florida da awa biyar a lokacin zafinsu, shida a lokacin sanyi. A kwanakin farko jikinka da kansa zai tashe ka tun kafin asuba, yara ma haka. Maimakon ka yi ta juyi a gado, ka sa filin da ya fi cunkoso a waɗannan kwanaki. A yi salla, a karya, a kama hanya. Da sanyin safiya ake kama fara.

Wani zai ce, to ai tsayuwar awa guda a bakin ƙofa ita ma jira ce. Haka ne. Amma jira ce guda ɗaya, a cikin sanyi, a lokacin da babu lilon da yake aiki, saboda haka ba ta cinye komai daga yinin da ka biya kuɗinsa ba. Kuma ita kaɗai take sayo maka lilo uku ko huɗu da za su ci awa uku ko fiye da rana.

Idan an sauke igiya

Ana barin mutane su shiga babban titin Main Street tun kafin lokaci. Titin yana kai wa ga dandalin da ke gaban fada, daga nan hanyoyi suka rarrabu zuwa sassan filin. A bakin kowace hanya ma'aikata suna tare mutane, wani lokaci da igiya, har sai lokaci ya cika. Idan kana fuskantar fada, Tomorrowland yana damanka, Adventureland yana hagunka, Fantasyland yana bayan fadar. Ka je ka tsaya a bakin hanyar da za ta kai ka lilonka na farko.

Titin nan an gina shi ne don ya tsayar da kai. Ƙamshin gashi yana fitowa daga shaguna, ga masu balan-balan, ga masu ɗaukar hoto, ga fadar tana ƙyalli a hasken safe. Ka daure ka wuce. Fadar tana nan har dare, shagunan titin ma sukan kai bayan an rufe lilo suna ciniki.

Da an saki mutane, tafiya ake yi da sauri, ba a gudu. Ma'aikata za su hana ka, kuma a cikin irin wannan turmutsutsu yaro yana iya faɗuwa. Ka riƙe hannun ƙananan. Idan da keken jariri, ku san inda za ku ajiye shi tun kafin ku isa.

Ga wani abu da ya kamata a yi tunaninsa da kyau. Mafi yawan taron wuri ɗaya suke nufa, wato Seven Dwarfs Mine Train. Idan kana sahun gaba, bi su, za ka hau cikin 'yan mintuna. Idan kuwa ka duba ka ga dubban kawuna a gabanka, to ka yi sammako wani a tafe ya kwana, kuma bin su zai sa ka ƙone sa'ar farko gaba ɗaya a layi guda. Ka karkata zuwa Peter Pan's Flight, ka biyo da Winnie the Pooh da Dumbo, ko ka nufi Space Mountain da Buzz Lightyear. Lilo uku na sahu na biyu sun fi ɗaya na sahun farko. Shi babban sai ka dawo masa daf da rufewa, domin al'adar filin ita ce duk wanda ya shiga layi kafin lokacin rufewa ya cika, sai ya hau.

Kada kuma ka riƙa tsallaka filin daga wannan gefe zuwa wancan don allon waya ya nuna an samu ragin minti goma. Kafin ka isa, wasu ɗaruruwa da suka ga abin da ka gani sun riga ka. Ka gama da sashe ɗaya kafin ka shiga na kusa da shi. Lokacin da ake rubutawa a allo ma kiyasi ne, kuma sau da yawa yakan ɗara ainihin jiran, musamman da sassafe da kuma daf da rufewa. Ka yarda da idonka: ka dubi inda layin ya tsaya, ka ga ko yana motsi.

Wanda bai kwana a otal ɗin Disney ba

Tun Oktoban 2021, masu kwana a otal-otal ɗin Disney da wasu 'yan otal da ke da yarjejeniya da su suna shiga minti 30 kafin kowa. A Magic Kingdom, Fantasyland da Tomorrowland ne ake buɗe musu. Wannan yana nufin idan kai daga wani masauki ka zo, kafin a sake ka layukan waɗannan sassa biyu sun riga sun cika.

Mafita ita ce ka juya hagu. Adventureland da Frontierland da Liberty Square ba a buɗe su ga kowa sai lokacin buɗewa na gama-gari, saboda haka a can kai da mai kwana a otal ɗin Disney kafaɗa ɗaya kuke. Ka fara da Jungle Cruise, wanda layinsa yake saurin tsawo saboda sai an cika kwale-kwale an sauke a hankali, ko Tiana's Bayou Adventure da ya maye gurbin Splash Mountain a 2024. Pirates of the Caribbean da Haunted Mansion suna nan kusa, sai su biyo baya.

Layin kuɗi

Daga 1999 Disney tana da tsarin FastPass, inda mutum yake karɓar lokaci ya dawo ya shiga ta gajeren layi, kuma a filayenta na Amurka kyauta ne. A 2021 aka soke shi aka kawo na kuɗi, wanda yanzu ake kira Lightning Lane. Ni ban ji daɗin wannan sauyi ba, domin ya raba baƙi gida biyu bayan kowa ya biya kuɗin shiga, kuma duk kujerar da aka ba mai gajeren layi daga rabon mai dogon layi aka cire ta. Wannan ma wani dalili ne na yin sammako: da sassafe masu gajeren layin ba su fara yawa ba, lilon kusan gaba ɗaya na masu layin gama-gari ne.

Idan za ka saya, ka san kala biyun da aka kawo a Yulin 2024. Multi Pass yana ba ka damar zaɓar lilo uku tun kafin ranar, kuma da ka yi amfani da na farko sai ka zaɓi wani. Single Pass kuwa na lilo ɗaya ne cikin mafiya farin jini, kamar TRON da Seven Dwarfs Mine Train. Masu kwana a otal ɗin Disney suna fara zaɓa kwana bakwai kafin zuwansu, sauran mutane kwana uku. Kada ka ɗora zaɓinka a kan sa'ar farko, lokacin da layi yake gajere a banza. Ka sa na farko wajen awa ɗaya bayan buɗewa, yadda zai buɗe maka damar zaɓar na gaba da wuri. Disney tana yawan sauya dokokin nan, saboda haka ka karanta abin da manhajar ta ce a makon tafiyarka.

Akwai kuma hanyoyi biyu da ba a biyan ko sisi. Idan kuna da yaron da bai kai tsayi ba, ku gaya wa ma'aikacin bakin layi kuna son Rider Switch: uba ya hau uwa ta riƙe yaro, in ya fito ita ta shiga ba tare da ta sake bin dogon layi ba. A wasu filayen kuma akwai layin mutum ɗaya, inda ake cike gurbin kujerar da ta rage, kamar a Expedition Everest na Animal Kingdom da Test Track na Epcot. Ba za ku zauna tare ba, amma ga matasa da manya ragin yana da yawa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya

Awa biyu bayan buɗewa za ka ga filin ya canza. Waɗanda suka yi barcin safe sun iso, hanyoyi sun cika da kekunan jarirai, allunan da suka nuna minti 15 ɗazu yanzu suna nuna 60 ko 70. Idan ka bi tsarin nan, a lokacin ka riga ka hau biyar ko shida, ciki har da waɗanda suka fi wuya. Yanzu ne lokacin masu babban ciki. Ka yi odar abincin rana ta manhaja tun kafin sha biyu, kafin layin abinci shi ma ya kama.

Ka kuma dubi fuskar yaranka. Wanda aka tasa tun asuba, zuwa hantsi ya fara gajiya, kuma idan ya ce Dumbo yake so a sake hawa karo na biyu alhali takardarka ta ce Space Mountain, sau da yawa shi ya kamata a bi. Don shi aka zo, kuma ribar sammakon ita ce ta ba ka sararin yin hakan ba tare da jin an yi asara ba.

Daga nan matsalar ta tashi daga layi ta koma zafi. Tsakanin Yuni da Satumba rana a Florida tana da ƙuna da gumi, kuma da yamma hadari yakan taso da tsawa har a dakatar da duk lilon da ke waje. A babi na gaba za mu duba yadda ake tsallake tsakar rana: ko a koma otal a huta ko a zauna, inda za a samu abincin da ya dace da mu, yadda za a yi sallar azahar da la'asar a cikin filin, da yadda za a dawo da ƙarfi don wasan wuta na dare.